Hajiya za ta canja jirgi a Istanbul ita kaɗai, kuma ta ce ba ta hawa keke

Assalamu alaikum Anti. Ina aure a Manchester, cikina wata bakwai, haihuwar fari ce, likita ya ce tsakiyar Disamba in Allah ya yarda. Hajiyarmu ta samu biza za ta zo mini zaman jego. Shekararta 64, tana fama da ciwon gwiwa da ciwon suga, ba ta jin Turanci, amma tana karanta Hausar boko da lambobi. Sau ɗaya ta taɓa hawa jirgi, lokacin aikin Hajji, shi ma cikin ayari. Yanzu daga Abuja za ta tashi, ta canja jirgi a Istanbul, ita kaɗai. Ejan ya ba mu zaɓi uku: mai jiran awa ɗaya da minti 20, mai jiran kusan awa shida, sai mai araha wanda tikiti biyu ne daban-daban, na biyun daga wani filin jirgin na Istanbul zai tashi. Maigida ya fi son na ukun saboda kuɗi. Yayana ya ce na farko, don kada ta gaji da zama, wai a haɗa ta da wani fasinja a Abuja ya kula da ita. Na ce a nema mata keken da ake tura tsofaffi, ta ce ita ba gurguwa ba ce, da ƙafarta ta yi ɗawafi da sa'ayi. Wallahi Anti ba na barci. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya raba lafiya.

Ki sayi na awa shidan. Na fara da wannan ne don in kin gaji da karatu kafin ki kai ƙarshe, to kin riga kin ji abin da ya fi komai nauyi. Tikiti ɗaya, daga Abuja har Manchester, ƙarƙashin lambar ajiye kujera guda, da jira mai yalwa a tsakiya. Sauran maganar duk a kan wannan za ta hau.

Na maigida zan fara kaɗewa, kuma ki karanta masa wannan sakin da kanki. Istanbul filayen jirgin fasinja biyu gare ta. Akwai babban, wanda aka ƙaddamar ranar 29 ga Oktoba 2018, aka kwashe jiragen fasinja daga tsohon filin Ataturk aka mayar can a watan Afrilun 2019, yana ɓangaren Turai. Akwai kuma Sabiha Gokcen, can ɓangaren Asiya. Tsakaninsu sai an tsallake mashigin ruwan Bosfor, tafiyar kimanin awa guda a mota ko da hanya ta yi kyau. Kafin Hajiya ta shiga wannan motar sai ta bi layin jami'an shige da fice ta shiga ƙasar Turkiyya, wato sai da bizar Turkiyya, wadda ba ta da ita. Sai ta ɗauki akwatunanta da kanta, ta yi cinikin tasi da mutumin da ba ya jin yarenta, ta sake yin awon kaya a wancan filin. Kai, tun a Abuja ma mai yiwuwa ne a hana ta shiga jirgi, domin ma'aikacin da ke duba takardu zai ga tikitinta a Istanbul ya ƙare, ga shi ba ta da izinin shiga. Kuma ko da a fili ɗaya ne, tikiti biyu daban ma'anarsa alkawari biyu daban. In jirgin farko ya yi latti, kamfani na biyu ba ruwansa, cewa zai yi ba ta zo ba, kuɗin ya tafi. In tikiti ɗaya ne, lattin nasu ne, su za su saka ta a jirgi na gaba ba tare da ta biya ko sisi ba. Ki tuna Disamba ce. A Janairun 2022 dusar ƙanƙara ta sa an dakatar da tashi da sauka a babban filin nan, dubban mutane suka kwana a ciki. Ranar irin wannan ce ake gane bambancin tikiti ɗaya da biyu. Araha ba ta ado, ki gaya wa angon ƙarnin haka cikin ladabi.

Na Yaya kuwa niyyarsa mai kyau ce, lissafin ne bai cika ba. Awa ɗaya da minti 20 a takarda take. Bari in warware miki ita. Jirgi in ya taɓa ƙasa a Istanbul ba shi ke nan an iso ba, yakan yi ta gangarawa a kan titi kafin ya kai inda zai tsaya, wani lokaci har kusan minti 20, domin filin faɗi gare shi. Sannan a jira mutum ɗari biyu ko fiye su sauko da jakunkunansu su fita. Sannan tafiyar ƙafa zuwa wurin binciken masu canjin jirgi, a bi layi, a sa jaka a na'ura, a hau sama, a nemi ƙofa, a sake wata tafiyar. Ita kuma ƙofar shiga jirgi ba a lokacin da aka rubuta na tashi ake rufe ta ba, kimanin minti 20 kafin nan ake rufewa. Jirgin Ingila kuma a bakin ƙofa ma sai an sake duba fasfo da biza. Ki cire duk waɗannan daga minti 80 ki ga abin da ya rage wa mai ciwon gwiwa. Matashi mai jakar goyo da ya saba da wurin zai iya, da gudu. Kamfani ya sayar da tikitin ne domin a ƙa'idarsu lokacin ya isa, amma ƙa'idar ba ta san gwiwar Hajiya ba, ba ta san za ta so ta kama ruwa ta yi salla ba. Akwati ma a irin wannan gajeren jira ne ya fi yawan zama a baya.

Awa shida kuwa me za ta yi da su? Ɗaya ta tafi a sauka da bincike. Ta yi alwala, ta yi salla, ta ci abinci, ta sha magani, ta miƙe ƙafa, ku gaisa a waya. Awa ɗaya kafin tashi tana bakin ƙofa. Abin da ya rage na zaman banza bai fi wanda take yi a layin asibiti ranar ganin likitan suga ba.

Yanzu maganar keke, wadda ita ce ainihin abin da ya hana ki barci. Ina bayan Hajiya a abu ɗaya: ba gurguwa ba ce, kuma ku daina kiran abin keken guragu a gabanta. Amma hujjarta ta sa'ayi ita ce za ta kayar da ita. Safa da Marwa sau bakwai kimanin kilomita 3 ne, gaskiya ta yi ƙoƙari. Sai dai a can ba wanda ya riƙe mata agogo. In ta gaji ta zauna, ta sha zamzam, ta tashi. Ba a rufe Marwa don mutum ya makara. Ga 'yan ayari gaba da baya, kowa yarensu ɗaya, kowa inda ya nufa ɗaya. A Istanbul ginin fasinja guda ɗaya ne mai faɗin murabba'in mita miliyan 1.4, yana da rassa masu haruffa daga A zuwa G, kowane reshe dogon zaure ne da ƙofofi jere. A 2023 fasinja kusan miliyan 76 suka bi ta cikinsa. Kowa da inda ya dosa, wanda ka bi a baya mai yiwuwa Tokyo za shi. Daga ƙarshen wani reshe zuwa ƙarshen wani, mai lafiya ma sai ya ci minti 20 ko fiye. Ga matakalar lantarki mai tafiya da kanta, wadda ni kaina ba na son ganin dattijuwa mai dogon hijabi da jaka a hannu ta taka ta karon farko ba mai riƙe ta.

Abin da ya kamata ki fahimta, ki kuma fahimtar da ita, shi ne keken ba don ƙafa kaɗai ake nemansa ba. Mutumin da ke tura shi ake nema. Ma'aikaci ne da ya san wurin kamar tafin hannunsa, zai karɓe ta daga bakin jirgi, ya bi da ita ta lif, ya shigar da ita bincike ta layin masu buƙatar taimako, ya duba allo da kansa, ya kai ta ƙofa, a shigar da ita jirgi kafin kowa. A Manchester wani ya sake karɓarta, ya kai ta gaban jami'in shige da fice, ya taya ta ɗaukar akwati, ya fito da ita har inda kuke tsaye. Wannan shi ne rakiyar da Yaya yake nema a wurin baƙo, ga ta a hannun wanda aikinsa ke nan, kuma kyauta ce. To ki ce mata rakiya aka nema mata. Ki ce mata manyan mutane ake yi wa haka, kuma ba ƙarya kika yi ba. In ta ƙi ji daga bakinki, ɗa ba ya cika juya uwa, ki nemi wata aminiyarta ko ƙanwarta da ta taɓa fita waje ta yi mata maganar. In ta ga dama ta sauka daga keken ta taka da ƙafarta zuwa masallaci, ba mai hana ta.

Yadda ake nema: ki sa ejan ya shigar da buƙatar a cikin tikitin, aƙalla awa 48 kafin tafiya, gara ma tun ranar saye. Kamfanonin jirage suna da alamomi uku na wannan. WCHR na wanda zai iya hawa matakala amma ba ya iya doguwar tafiya, WCHS na wanda matakala ma ta gagare shi, WCHC na wanda ba ya iya tashi ko kaɗan. Ki tambayi Hajiya tsakani da Allah ko za ta iya hawa matakalar ƙarfe mai tsayi riƙe da jaka cikin sanyi, domin ba kullum jirgi ke tsayawa a jikin gini ba, wani lokaci a fili yake tsayawa a kwashi mutane a bas. In amsar da shakka, na biyun za a rubuta. Kada ki yarda da "an yi" ta baki. Ki shiga shafin kamfanin da lambar ajiyar nan mai haruffa shida da sunanta, ki gani da idonki cewa an sa a kan jirage huɗun duka, zuwa da komawa. A nan kuma za ki zaɓa mata kujerar gefen hanya, kusa da bayi, ki kuma nemi abincin masu suga in kina so, alamarsa DBML. Batun halal kada ya dame ki, abincin jirgin Turkiyya na halal ne.

Abu ɗaya yakan ɓata wannan shirin, kuma sau da yawa daga fasinjan yake fitowa. Jirgi na tsayawa kowa zai miƙe, ita ma ta miƙe ta bi yuuu. In ta fita cikin taron, mai keken zai zo bai same ta ba. Ki nanata mata har ta gaji da ji: in jirgi ya tsaya ta zauna daram a kujerarta, ta nuna wa ma'aikaciyar jirgi takardar bayanin da za ki rubuta mata, sai an zo an ce ta taso. Na biyu, mai turawa ba zai zauna da ita awa shida ba. Zai ajiye ta a wurin jira ya tafi ɗauko wani, a dawo mata in lokaci ya yi. Yawanci ana dawowa. Amma ɗan Adam ne, ranar cunkoso akan manta. Don haka ki rubuta mata lokaci ɗaya da manyan lambobi: in agogon bango ya nuna kaza ba wanda ya zo, ta ɗaga takarda ta tare duk mai kayan aiki da katin shaida a wuya. Kada ta ji kunya. Kunyar tambaya ta fi rashin Turanci sa mutanenmu rasa jirgi.

Ni da nake ba ki shawarar nan na taɓa rasa jirgi a wani babban fili, da Turancina da komai. Na duba katin shiga jirgi na ga lambar ƙofa, na je na zauna, na buɗe waya ina hira. Ashe an canja ƙofar tun tuni. Ina zaune ina ganin wurin ya yi shiru, ina cewa ai na zo da wuri. Tun daga ranar na daina yarda da kati, allo nake bi. Ki koya wa Hajiya wannan, domin abin da filin jirgi ke buƙata daga gare ta bai wuce abin da ta riga ta iya ba: haruffa biyu da lambobi. Jirginta na biyu yana da suna, TK da lambobi a bayansa. Ta nemi wannan a kan manyan allunan da ke rataye ko'ina, ta bi layin da yatsa zuwa ƙarshe, za ta ga harafi da lamba, misali D da 9. Harafin shi ne unguwar, lambar ita ce gidan. Sai bin kibiya. Kada ta nemi sunan gari kaɗai, domin jirgin Manchester ya fi ɗaya a rana. Kuma katin da za a ba ta a Abuja na jirgi na biyu galibi ba lambar ƙofa a jiki, ba a riga an fitar ba. In ta duba allo ba ta ga komai a gaban jirginta ba, ba ɓata ta yi ba, lokacin ne bai yi ba. Ke ma daga ɗakinki kina iya ganin ƙofar a manhajar kamfanin ki gaya mata.

Kalmomin Turanci biyu kacal nake so ta gane da ido, ko da ba za ta iya furta su ba. Ki rubuta mata "International Transfer" da girma, ita ce alamar da za ta bi in ta sauka in har aka yi rashin sa'a ba mai keke. Wadda za ta guje wa ita ce "Passport Control" da hoton akwati, wannan hanyar masu shiga gari ce. Akwatunanta ba ruwanta da su a Istanbul, sai Manchester. Ta ukun kuma kyauta ce daga Turkawa: "Mescit", ana furta ta mesjit, wato masallaci. Suna nan da yawa a cikin ginin, na maza daban na mata daban, da wurin alwala a gefe. Bayin Turkawa ma akwai ɗan famfon tsarki a jikinsa. A cikin jirgi ne da Manchester za ta nemi buta ta rasa, don haka ta riƙe ƙaramar gorar roba wadda ba komai a ciki, ita bincike ba ya hana ta wucewa. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli kuwa ta tambayi malaminta kafin ta taso, ta tafi da amsarta a hannu.

Agogo shi ne tarko na gaba. Istanbul tana gaban Najeriya da awa biyu duk shekara. A Disamba Ingila tana bayan Najeriya da awa ɗaya, wato tsakaninki da Hajiya awa uku in tana can. Duk lokacin da aka rubuta a tikiti na garin da jirgin zai tashi ne. In agogon hannunta ya ce sha ɗaya, a Istanbul ƙarfe ɗaya ta yi, jirgin ƙarfe ɗaya da rabi kuwa saura minti goma a rufe ƙofarsa. Mafi sauƙi, Yaya ya tura mata agogon gaba da awa biyu tun a Abuja bayan an gama awo. Kuma lokutan nan da tsarin awa 24 ake rubuta su, 13:30 ba kowa ne zai karanta ta ɗaya da rabi na rana ba. Ki fassara mata su a takarda yadda take faɗa a gida. Wannan canjin lokacin ya shafi maganinta ma, musamman in allurar insulin take yi. Ta je wurin likitanta da jadawalin tafiyar ya tsara mata lokacin sha da na ci, ya kuma ba ta wasiƙa da Turanci mai sunayen magungunan.

Magani duka a jakar hannu, cikin kwalayensa na asali, ba a ƙulle a leda ba. Insulin ba a saka shi a akwatin da zai shiga cikin jirgi ta ƙasa, sanyi na iya lalata shi, akwatin kuma na iya makara. Dokar ruwa-ruwa a jakar hannu ita ce kowace kwalba kada ta wuce mililita 100, amma magani yana da rangwame in an nuna shi da takardar likita. Turarenta na humra da man shafawa manya su tafi akwati, in ba haka ba a Istanbul za a karɓe, ta yi ta jin haushi har ta iso. Fawa bank kuwa akasin haka, a hannu ake riƙe shi, ba a yarda da shi a akwati ba. Ta sa dabino da biskit a jaka saboda faɗuwar suga. Rigar sanyi mai kauri da safa su ma a hannu, kada a ce ai suna cikin akwati. Awarwaro da sarƙoƙi ta rage su ranar, na'urar bincike ba ta san gwal na gado ba, ƙara za ta yi ta yi. In an zo lalube, mace ce za ta lalube ta. A jirgi ta riƙa motsa ƙafa tana tashi jefi-jefi, ta sha ruwa, kada ta ƙi sha don gudun zuwa bayi kamar yadda iyayenmu suka saba. Abinci a filin nan da tsada, abin har ya zama abin magana, kuma katin bankin gida ba abin dogaro ba ne a waje. A ba ta 'yan Yuro ƙananan takardu, ta sayi shayi da ruwa ba tare da lissafi ba.

Takardar da nake ta ambata, ga yadda za ki yi ta. Shafi ɗaya, a buga shi, a saka a leda mai haske da igiya ta rataya a wuya ƙarƙashin hijabi. Gefe ɗaya da Turanci don ma'aikata: sunanta kamar yadda yake a fasfo, cewa Hausa kaɗai take ji, tana da ciwon suga, an nema mata keke, lambobin jiragenta biyu, adireshinku, da lambar wayarki da ta maigida tare da lambar ƙasa. Ɗaya gefen da Hausa don ita: matakan nan bi da bi, gajeru. A yi kwafi biyu. Waya kuma kada ku dogara da intanet ɗin filin. Akwai shi kyauta, amma sai an yi rajista da saƙon waya ko an sa fasfo a wata na'ura, ba aikin da za a bar wa Hajiya ba ne. A buɗe mata layinta ya yi aiki a ƙasashen waje, a zuba kuɗi isassu, a gwada mata yadda za ta amsa kira. Ke za ki kira, ita dannawa ɗaya ce tata. In ta rikice, ta miƙa wa ma'aikaci wayar ku yi magana.

Shawarar Yaya ta haɗa ta da wani, ban ce a'a ba. In an ga wata mai kamala a layi za ta Istanbul, a ce don Allah ki sa ido a kan Hajiya, alheri ne. Amma ƙari ne, ba a gina tafiya a kansa, domin ita ma tana da jirginta da za ta kama. Kuma da sharaɗi mai tsauri: ba karɓar saƙo, ba riƙe wa kowa jaka ko na minti ɗaya, ba a haɗa awon kaya da kowa don wai nata bai cika kilo ba. Iyayenmu ba su iya cewa a'a ba in an ce musu "Mama don Allah", to ki ba ta amsar da za ta fake da ita: 'yata ta hana. Ba mu manta da ɗalibar nan da aka kama a Saudiyya a ƙarshen 2018 ba, saboda jakar ƙwayoyi da aka maƙala wa sunanta ba da saninta ba, sai da ta yi wata huɗu a tsare kafin gaskiya ta fito. Saboda haka Yaya ya tsaya a wurin awo, ya ƙirga akwatuna, ya ƙirga 'yan takardun shaidar kaya da za a manna mata, adadin ya zo ɗaya. Ya duba ya ga an rubuta MAN, wato Manchester, a jikin lakabin, ba IST na Istanbul kaɗai ba. Ya ɗauki hoton akwatunan da takardun ya turo miki. In akwati bai iso ba, da waɗannan za a cike takardar ƙorafi kafin a fita daga zauren kaya.

In duk da haka jirgin Abuja ya yi mummunan latti har na biyun ya tafi, ba abin kuka ba ne. Teburin kamfanin na masu canjin jirgi yana nan ciki, su za su ba ta sabon kati. Abin da za ta riƙe shi ne kada ta fita daga ginin, kada ta bi kowa zuwa gari. In kwana ya kama, akwai otal na YOTEL a cikin ɓangaren da ba a buƙatar biza, kina iya biya mata ɗaki daga inda kike.

A Manchester jami'i zai tambaye ta wurin wa ta zo, kwana nawa za ta yi, yaushe za ta koma. Ta riƙe tikitin komawa a buge da wasiƙar gayyatarku. Amsarta ta zama gaskiya, ta kuma dace da abin da kuka rubuta lokacin neman biza, don haka ki karanta mata abin da kuka rubuta ɗin. In magana ta gagara suna da hanyar samun tafinta, ko su kira ki, wayarki ta kasance a kunne.

Saura kayan jego, kuma na san nan za a yi rigimar da ta fi ta keke. Ingila ba ta yarda matafiyi daga Najeriya ya shigo da nama ko abin da aka yi da madara ba. Kilishi, dambun nama, soyayyen naman da ta tanada, man shanu, duk ba sa shiga, ko an naɗe su cikin zani goma. In an gani za a ƙwace, ana iya cin ta tara, ga tsorata dattijuwa a banza bayan tafiyar kwana guda. Busasshen kifi an yarda da shi har kilo 20, dabino ma yana wucewa. Garin kuka, yaji, daddawa da garin kunu a daka su, a ɗaure da kyau, a rubuta sunan kowanne a jiki, ki kuma leƙa shafin gwamnatin Ingila kan shigo da abinci kafin a ɗaure akwati, don dokar takan canja. Ƙafar saniya ta farfesun mai jego kuwa akwai ta a shagunan halal na Manchester, aikin maigida ne ya nemo, da kuɗin da ya so ya rage a tikiti.

Allah ya kawo Hajiya lafiya, ya sauke ki lafiya. In an yi suna ki rubuto mini ko ta hau keken.